Korayen Tarho Guda Biyu

Ɗiyata ta biyu ce ta tayar da wannan magana. Tana karatun haɗa kwamfuta da kwamfuta a Sakkwato, kuma akwai wata jarrabawa da take son ci, wadda in mutum ya ci ana ba shi takarda ya nemi aiki da ita ko'ina. Ran wata Juma'a ta zo gida ta zauna a bakin tabarmata, ta ce abu biyu ne a gabanta. Ko ta sayi tsofaffin akwatunan aikin na gaske, na gwanjo, guda uku, ta jera a ɗaki ta riƙa haɗawa tana kwancewa. Ko kuma ta haƙura da wani shiri da ake sawa cikin kwamfuta mai kwaikwayon akwatunan, ba waya ba ƙura.

Ta ce, "Baba, kai ka san waya. Wanne za ni ɗauka?"

Hannuna na dama na duba. Yatsu biyu na tsakiya ba su lanƙwasawa, a tsaye suke kamar suna nuna wani. Ta san hannun tun tana goye, amma ba ta san labarinsa duka ba, don uwarta ba ta son a tayar da shi. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, rubutuna kamar tonon kaji ne, ga kuma hannun. Duk da haka zan rubuta, don na gaji da riƙe shi a ciki.

Zamanin farar hula na biyu ne, shekarar zaɓen ƙarshe kafin soja su dawo. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina lebura cikin masu jan wayar tarho a kan hanyar Sakkwato zuwa Shagari, wadda ta bi ta garinmu Boɗinga. Mu ke haƙa rami, mu kafa falwaya, mu hau mu ɗaura waya. Helmanmu, wato shugabanmu na leburori, wani tsoho ne mutumin Dandin Mahe, tsohon soja, a can ma aikin waya ya yi. Ba ya son dogon zance, mu ma ya hana mu. In kana saman falwaya rana na dukan ƙeyarka, ba ka tsayawa cewa layin Shagari ya mutu. Cewa kake, "Shagari ya mutu." Na ƙasa ya ce, "Yanke Boɗinga mu gani." In an gyara a ce, "Shagari ya tashi." Haka bakinmu ya saba, ba wanda ya taɓa jin wani abu a ciki.

Sai ƙasa ta tsuke. Sabulu sai da layi, madara sai da layi, shinkafa sai dai ka ji labarinta. Damina ma ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa. Rannan helma ya tara mu gindin wata ƙirya ya ce za a rage leburori kafin ƙarshen shekara. Wanda ke da takardar gwajin sana'a shi za a bari, a mai da shi ma'aikaci. Wanda ba shi da ita ya koma gona. Ni gonar da zan koma ba ta ciyar da akuya. Kuma ban cika shekara da aure ba.

Na bi shi bayan an watse. Na ce, "Baba helma, gwajin nan da rubutu ne?"

Ya ce, "Rubutun kaɗan na. Hannu aka dubi. Za a aje maka tarho biyu da waya, a ɓoye ciwo ciki, a ce nemo. In ka nemo, a ba ka bakin waya biyu ka haɗa, mai gwaji shi ja. In haɗin ya riƙe, ka ci."

Na ce to ai muna yi kullum.

Ya ce, "Kai rami kaka yi kullum. Ka taɓa buɗe cikin tarho?"

Ban taɓa ba. Ya ce in ina so in ci, sai in aje kayan a ɗakina, in lalata in gyara, in lalata in gyara, har hannuna ya riga kaina sani. Saura wata uku a yi gwajin.

Na sayar da kekena. Ran Asabar muka shiga Sakkwato ni da helma, wajen masu kayan gwanjo. Akwai wani mai ƙaton ciki da ya baje kaya a buhu: tsofaffin rediyo, fitilu, agogon bango marar hannu. Tarho iri biyu gare shi. Akwai baƙaƙe na ofis, masu lambobin da ake juyawa da yatsa, sumul, kamar ka ɗora a tebur ka ce kai ma wani ne. Akwai kuma wasu koraye guda biyu na ƙarfe, na soja, kowane da nauyin ɗan akuya, da mariƙi a gefe da ake murɗawa.

Mai kayan ya ce, "Samari, ɗauki baƙi. Amarya ta gani ta san ta yi miji."

Helma ya ɗaga koren, ya murɗa mariƙin, ya ce in sa yatsa a kan notuna biyun da ake ɗaura waya. Na sa. Wani abu ya fizge ni har gwiwar hannu, na yi tsalle na taka fitilar mutane. Mai kayan ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Helma ya ce, "Ka ji? Wanga wutarshi na cikinai. Ka ba shi batir biyu da waya, shi kira ɗan'uwanai ko cikin daji. Baƙin ba shi kuka sai an haɗa shi da ofis. Kuma koren noti huɗu ka kwance ka ga hanjinai duka."

Na ce to shi ke nan, koren.

Ya juya shi a hannu. Ya ce, "Ga aiki, koren. Ga zaman gari, baƙin."

Na ce, "Ni aiki na zo nema, Baba."

Bai ƙara ba. Shi mutum ne mai faɗin magana sau ɗaya. Ya zaɓar mini filaya mai kyau, da sukuddireba biyu, da wata tsohuwar mitar gwada wuta mai allura, da nadin waya guda. Mitar ma sai da ya mayar da uku kafin ya yarda da ta huɗu, yana ɗora ta a batir yana kallon allurar kamar mai duban haƙorin rago. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada in yanke wayar don ta yi mini tsawo. Abin da ya ragu in bar shi a naɗe.

Gidanmu a Boɗinga irin na kowa ne. Zaure, sai shagona, ɗakin da nake zama, a gefensa mai ƙaramar taga da ke kallon lungu, sai cikin gida can baya. Na aje tarho ɗaya a shago. Na ja waya ta taga, na hau dogonyaron ƙofar gida na ratsa ta cikin rassa don kada awaki su ci, na sauke ta bayan katanga zuwa ɗakin matata. Ragowar nadin na rataye bayan ƙyaurenta. Na ɗauki alli na rubuta a jikin nawa, Boɗinga. A jikin nata na rubuta, Shagari. Don ya yi kama da wurin aiki kawai.

Matata 'yar Danchadi ce, ba ta yi boko ko na kwana ɗaya ba. Ranar farko da abin ya yi ƙara a ɗakinta, guduwa ta yi ta ɓuya bayan rumbu. Rana ta biyu ta ɗauka ta yi sallama, da na amsa sai ta aje ta leƙo ta ga ko ina tsakar gida ina mata wasa. Kafin mako ya ƙare ita ke kirana ta ce tuwo ya sauka.

Da yake mai ɓoye ciwo ba ya nemo shi da kansa, sai na ba ta aikin. In na fita da safe ta kashe layin, in na dawo da la'asar in tayar. Da farko takarda take cusawa ƙarƙashin batir, ko ta sassauta noti. Da ta ga ina ganowa kafin ruwan alwala ya bushe, sai ta fara mugunta. Ta soka allura ta ratsa wayoyin biyu ta karye kan allurar. Ta yanke waya daga cikin rigarta ta mayar da rigar kamar ba a taɓa ba. Wata rana gishiri da ruwa ta ɗiga. Sai in kwana biyu ina nema, tana wucewa da tsintsiya tana cewa, "Malam, a kawo fitila ko a kira helma?"

Ni kuwa in na zauna a shago, da ƙarfi nake magana, don a kan falwaya na koyi magana. In murɗa in ce, "Shagari! Shagari!" In ji shiru. In ce, "To, ya mutu." In na gano ciwon layi ya tashi, sai mu yi hira ta ciki. "Yau da me kika kashe shi? Allura? Madalla. Gobe a kashe shi tun da safe, inda ba wanda zai gane." Kullum haka, wata biyu, ga taga a buɗe. Bayan tagar kuwa akwai dakalin wani maƙwabcina mai sayar da kananzir, inda mutane ke zama suna dara.

Na lura gaisuwa ta fara gajarta a lungu. Na ɗauka yunwa ce. Kowa fuskarsa a ɗaure take a shekarar.

Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, ƙurar zaɓe ba ta lafa ba. Na gama gano ciwon ranar kenan, na ɗaure noti, layi ya tashi, na ce mata ta ɗora ruwan zafi. Ban ji sallama ba. Ƙyauren shago ne ya faɗo ciki.

Su bakwai ne ko takwas, irin samarin da ke bin motocin siyasa suna ihu. Ban ce wani ya aiko su ba, har yau ban sani ba. Na gabansu na san shi sarai, mai tabo ne a gira, allo ɗaya muka yi karatu da shi. Na buɗe baki in kira shi, gora ta same ni a kunne. Duniya ta yi wani zuuu. Ta biyu a baki. Na ji haƙori ya faɗo kan harshena kamar tsakuwa cikin wake. Suka kama ƙafafuna suka ja, ƙeyata ta bugi dokin ƙofa, suka yar da ni a lungu. Mai gora na yi, mai kulki na yi, wanda ba shi da komai yana sa ƙafa. Na dunƙule na rufe kai, suna samun haƙarƙari. Ina jin mata na salati ta bayan katangu. Maza na tsaye daga nesa, 'yan dara har da tsinkayensu a hannu.

Wani ya fito da tarhon, waya na biye da shi ta taga, ya dire a gabana. "Ga oba-obar! Ta soja ce ma!"

Mai tabo ya tsuguna ya kama gashina ya ɗaga kaina. "Da wa kaka magana? Su wa za ku kashe?"

Na tofar da jini na ce, "Layi ne. Wallahi layi ne. Gwaji zan yi."

"Wane layi? Wata biyu ana jin ka. Ya mutu, a kashe shi da sahe, a kashe shi da allura."

Na ce sunan gari ne, haka muke cewa a wurin aiki.

Ya kwaɗa mini mari da bayan hannu. "Mu jakkai na? Gari mace ta. Shagari ta cika, Shagari ta ci kasuwa. In gari kaka nuhi, ta mutu za ka ce. Kai kuwa ya kac ce. Wa a ya?"

A nan, kwance cikin ƙasa da jini a baki, na ji maganata da kunnen wani. A shekarun nan sunan garin ba na gari kaɗai ba ne. Babban mutumin ƙasar nan duka da shi ake kiransa, hotonsa na manne a kowane bango, har a jikin dogonyaron ƙofar gidana. Kalma ɗaya muke yarwa a kan falwaya don saurin aiki, layin. Ita ce ta rage tsakanina da mutuwa, kuma ba ni da haƙoran faɗinta da kyau.

Na ce, "Ku bi wayar. Ku bi ta ku ga inda ta tsaya."

Suka ɗaga kai suka bi ta da ido. Ta fita taga, ta hau itace, ta ɓace cikin ganye.

"Eriya ce! Ga ta can sama!"

Na ce, "Cikin gida ta sauka. Ɗakin matata. Ku shiga ku gani, na yarda, ku shiga."

Mai tabo ya dube ni kamar na zagi ubansa. "Mu shiga gidan matar aure? Ka ɗauke mu 'yan iska?"

Wannan maganar har gobe ina juya ta. Mutanen da suka cire mini haƙori suna da kunyar tsallaka zaure. Taku ashirin ne tsakaninsu da gaskiya, tarbiyya ta hana su.

Ya ce bari ya ji da kunnensa. Ya ga yadda mariƙin yake, ya murɗa, ya kara kan tarhon a kunne. Hayaniya ta hana kowa jin ƙarar da ya yi a cikin gida. Aka ɗauka.

Ya daka tsawa, "Wa an nan?"

Ina kusa, na ji muryarta siririya ta fito. Ban taɓa jin ta zagi ko kaza ba. Ta ce, "Uwaka ce."

Ya cire daga kunne, idonsa waje. "Mace ta! Wallahi mace ta, daga nesa, har da zagi!" Lungu ya ɗauka. Ya jefar da kan tarhon, ya damƙi wayoyin daidai notuna biyun nan zai fizge, hannunsa jiƙe da gumi da jinina. Ita kuwa a ciki ta kama mariƙi tana murɗawa da duk ƙarfinta, tana neman in ɗauka ta ji ko ina da rai. Abin da ya taɓa ni a kasuwar gwanjo da yatsa ɗaya, shi ya same shi da tafi biyu. Ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya, ya faɗi zaune, ya ja da baya da gindi.

Wani yaro ya yi dariya. Da bai yi ba, wataƙila da yatsuna na lanƙwasawa yau.

Mai tabo ya miƙe. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya ce, "Wane hannu shika murɗawa da shi?" Suka ja ni bakin shago. Ɗaya ya zauna a bayana, ɗaya ya take wuyan hannuna na dama a kan dokin ƙofa. Ya sunkuya ya ɗauki tarhon da hannu biyu, wanda na sayar da kekena na saya, wanda na zaɓa da bakina, ya ɗaga shi sama da kansa ya sauke a kan yatsuna.

Na farko ban ji zafi ba, ƙara na ji, kamar an taka busasshen kara. Na biyu na ji. Na uku na ga farin ƙashi ya leƙo, na yi amai a kan hannun rigata. Ƙararrawar da ke cikin tarhon tana ɗan yin ƙil duk bugu.

Sai na ji wani daga baya yana cewa, "A kawo kananzir." Wani ya maimaita. Na juya ido wajen dakali. Maƙwabcina na tsaye kusa da garwarsa. Bai miƙa ba, bai kuma ɗauke ta ya shige gida ba. Wani saurayi ya nufi garwar.

Ban ga fitowar matata ba. Shirun da aka yi na ji.

Tana tsaye bakin zaure, ba mayafi, ɗankwali kawai, da ƙullun dawa a hannu. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka lungun nan da rana ba, rabin mutanen ba su san fuskarta ba. Ɗaya koren tarhon na kanta kamar tulu. Ragowar wayar da helma ya hana ni yankewa tana warwarewa a bayanta daga cikin gida. Ta ratsa su, suna matsawa don kada jikinsu ya taɓa nata. Ta sauke shi a ƙasa, taku uku daga nawa, ta juya gefen da na yi rubutu da alli.

Ta ce, "Wa ya iya boko cikinku? Karanta."

Wani ya karanta a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.

Ta ce, "To ga shi nan. Ni ka kashe shi kullum, ni da allurata. Ni ce macen nesa. In ƙonawa za ku yi, da ni za ku fara."

Ta tsuguna ta murɗa mariƙi. Nawa, yana kwance a gefe cikin ƙasa da jini da fatar yatsuna a gindinsa, ya ɗauki ƙara. Ƙirrr. Ta tsaya, ya tsaya. Ta sake, ya sake. Kayan soja ne, bugu uku bai yi masa komai ba.

Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Wanda ke zaune a bayana ya tashi ya kaɗe wando. Na garwar kananzir ya aje ta a hankali kamar ba shi ya ɗauka ba. Mai tabo ya tsaya yana kallon tarho biyun, sai ya leƙa shago ya ga mitata a tabarma, ya shiga ya take ta da dunduniya har gilashin ya watse, ya fito ya wuce. Sauran suka bi shi. A lokacin ne dattawa suka iso suna tambayar me ya faru. Washegari maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Ya jiki?" Na ce da sauƙi. Ita kuma wata guda mata na zancen amaryar da ta fito tsirara cikin maza, don rashin mayafin nan shi suka gani.

Dandin Mahe aka kai ni wurin mai ɗori, cikin motar albasa. Maza uku suka danne ni ya ja yatsun ya jera su, ya ɗaure da kara da tsumma. Helma ya zo can ya same ni. Ina jira ya ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Da muka dawo gida ya ɗauki tarhon, ya goge shi da gefen rigarsa, ya juya shi, ya ce, "Ko tsagewa bai yi ba." Ya ciro tasa mitar daga aljihu ya aje mini a tabarma ya tafi.

Saura kwana goma sha bakwai gwaji. Na mayar da tarho biyun cikin gida, na goge allin. Neman ciwo bai dame ni ba, da hagu ma ina yi. Haɗin ne. Haɗin waya yana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe filaya ya danne, ɗaya ya murɗa har ƙarfe ya ciji ƙarfe. Na gwada riƙewa da gwiwa. Na gwada da yatsun ƙafa. Daga ƙarshe da haƙori nake kamawa, ta gefen da ya rage, in murɗa da hagu. In na gama in miƙa mata ta ja. Wani ya riƙe, wani ya zame. Ba ta taɓa ja da sauƙi don ta faranta mini ba. Na taɓa ce mata ta rage ƙarfi, ta ce, "Mai gwajin mijina ne da zai rage?"

A wata rumfar kwano aka yi gwajin a Sakkwato. Mai gwajin siririn mutum ne mai tabarau, ba ya dariya, ba ya kuma wulaƙanci. Aka tsayar da kowa gaban teburinsa. Na murɗa, shiru. Na buɗe gidan batir. Takarda ce aka cusa a ƙasa. Na kusa yin dariya da kumburarren bakina, wannan ai wasan makon farko ne a gidanmu. Na ɗaga hannu kafin na kusa da ni ya kwance noti na biyu. Mai gwajin ya zo ya kara a kunne, ya dubi agogo, ya dube ni, ya rubuta wani abu.

Sai ya miƙo bakin waya biyu.

Na sa ɗaya a baki. Ya ce, "Me ya sami hannun?"

Na cire na ce, "Tarho ne ya faɗo mini, ranka ya daɗe." Ban yi ƙarya ba.

Na kama na murɗa. Dasashina ya fashe, jini na bin wayar yana sa ta santsi. Na goge na ci gaba. Da na gama, haɗin ya yi kama da ƙullin igiyar jaki, amma haɗi ne. Ya naɗa bakin biyu a hannuwansa ya ja. Haɗin ya riƙe. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, yadda ya yi wa kowa, sau biyu.

Ya zame.

Ya daɗe yana kallon guntayen biyu a hannunsa. Ya ce, "Ka san aiki. Ban ga wanda ya kai ka saurin gano ciwo yau ba. Amma iska ba ta tambayar me ya sami hannunka. Ka dawo baɗi."

Ba a kai baɗi ba. Kafin sanyi ya shiga aka kawo takardar waɗanda aka sallama, helma da kansa ya karanta gindin ƙiryar nan, sunana na uku. Da ya zo kan sunana bai ɗaga kai ba. Bayan 'yan makonni soja suka karɓi ƙasa, aka kankare hotuna daga bango, sunan garin ya koma na gari. Yatsun kuwa suka warke a sandare. Mai irin hannun nan ba ya hawa falwaya.

Tebur na kafa a kasuwar Boɗinga ina gyaran rediyo da mitar helma. Daga baya kaset, yanzu wayar hannu. Da shi na ciyar da gida. Mai tabo ya taɓa kawo mini rediyonsa bayan shekaru, ya tsufa kafin lokacinsa, ya aje yana kallon wani wuri. Na gyara. To me zan yi?

Wannan duka ban faɗa wa ɗiyata ranar ba. Abin da na ce mata shi ne ta sayi akwatunan gaske. Abin da ke cikin kwamfuta ba ya da notin da zai saki, ba ya da wayar da ɓera zai ci, kuma ran aiki waɗannan za ta tarar. Na ce ta zaɓi wanda ake iya buɗewa, kada ta bi kyan fenti, a kunna mata kowane a gabanta kafin ta ɗauka, kuma kada ta yanke waya don ta yi mata tsawo. Tana rubutawa tana gyaɗa kai.

Sai ta ce ai kowane akwati sai an raɗa masa suna a ciki, don in ɗaya ya mutu a san wanne ne. Malaminsu da sunan garuruwa yake yi. Ita ta yi niyyar ta sa wa nata Sakkwato, da Boɗinga, da Shagari.

Uwarta na daka a tsakar gida. Taɓarya ta tsaya.

Na ce, "Ba sunan gari. Ba sunan mutum. Kuma teburin ki aje shi nesa da taga."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, to da me zan kira su?"

Uwar ce ta amsa daga inda take, ba ta ko juyo ba. "Tukunya, da murfi, da ludayi. In ludayi ya mutu ba mai zuwa da gora."

Ta ci gaba da dakanta.